Malam Sulle da Tulun Surukinsa

Malam Sulle mutumin Tudun Kaya ne, a ƙasar Karaye, amma yawancin waɗanda suka san shi a kan hanya suka san shi, bisa wani tsohon babur da ba ya tashi sai an tura shi, da jakar buhu rataye a kafaɗa. Shekara goma sha tara ke nan yana koyar da kimiyya a wata sakandaren jeka-ka-dawo a wajen Fulatan, cikin ƙasar Rogo. Sau biyu ana yi masa tayin canji zuwa kusa da gida. Sau biyun ya ce zai yi shawara, kuma har yau shawarar yake yi.

Ubansa manomin gyaɗa ne, shi kuma shi ne ɗansa na shida. Tun yana yaro ba shi da ƙarfin fartanya, sai yawan tambaya. An ce ya taɓa tone gyaɗar da aka shuka da kwana uku, layi guda cur, don ya ga abin da take yi a ƙarƙashin ƙasa. Ya sha duka. Washegari ya tone layi na biyu, domin na farkon bai gamsar da shi ba. Da uban ya ga gona ba za ta amfana da shi ba, sai ya bar wa boko shi. Ya yi kwalejin horon malamai, ya dawo da takarda da tabarau, ya auri Adama, 'yar Bappa Jibo, wani dattijon Bafulatani mai shanu da gona a wata ruga da ta daɗe da zama ƙauye, ba nisa da makarantar.

Tsakaninsa da surukin akwai kunya irin wadda aka sani. Tun daga bakin shinge yake cire takalmi. Bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa kiran sunansa ba, kuma a shekara ashirin hirarsu ba ta wuce gaisuwa da labarin damina ba. Kowannensu yana ganin girman ɗan'uwansa, sai dai a wurin wasu yake faɗa.

A jadawalin makarantar akwai darasin ƙarshe na ranar Alhamis, wanda malamai ke gudu saboda rana ta take, yara sun ji yunwa. Malam Sulle ya karɓe shi da kansa ga 'yan aji huɗu, masu shekara goma sha biyar zuwa sha shida, ya sa masa suna tarihin kimiyya. Babu shi a manhaja, ba ya fitowa a jarrabawa. Abin da ya dame shi shi ne yara suna haddace littafi kamar daga sama ya faɗo, ba su san mutane ne suka gano abin da ke ciki ba, masu kuskure, masu son a yabe su, wasu ma masu taurin kai kamar kowa.

Ranar da ya ba su labarin mutumin Basra da ya yi bincike a kan haske shekara dubu da suka wuce, sai ya sa aka toshe tagogi da tabarmi, aka bar 'yar kafa guda. Ajin ya yi duhu. Can sai ga jaki da mai shi suna wucewa a jikin bango, ƙafafu a sama. 'Yan mata suka yi salati, wani ya nufi ƙofa. Malam Sulle ya yi dariya har tabarau ya zame masa, ya ce mutumin nan bai yarda da maganar magabata ba sai ya gwada, kuma abin da ya gani shi ya rubuta.

Ba kullum darasin ke ƙarewa da dariya ba. Ya ba su labarin masanin da ya gano yadda ake samo takin zamani daga iska, kuma shi ɗin ne ya koya wa sojoji yaƙi da iska mai guba. Lukumanu, shugaban ajin, ya ɗaga hannu.

"To Malam, mutumin kirki ne ko mugu?"

"Ku rubuta tambayar," in ji Malam Sulle. "Amsa sai wani makon."

Makon bai zo ba har yau.

Wata rana kuma labarin likitan da ya lura masu tatsar shanu ba su cika kamuwa da agana ba. Ya ɗebi ruwan ƙurjin hannun wata mai tatsa, ya tsaga wa ɗan mai yi masa aikin lambu, daga baya ya gwada masa cutar kanta, yaron bai kamu ba. A kujerar baya akwai Murja, 'yar makiyaya, wadda ba a cika jin muryarta ba. Ran nan ta yi magana.

"Malam, an tambayi yaron?"

"Ƙila an tambayi ubansa."

"Uban da ke yi wa likitan aiki? Ai ba zai iya cewa a'a ba."

Malam Sulle ya buɗe baki, sai aka kaɗa ƙararrawa. Ya tafi gida da tambayar, kuma a hanya ya wuce kwanar garinsu bai sani ba.

Abu biyu yake maimaita musu kowace Alhamis. Na farko a saman allo yake, ba a gogewa: rubuta abin da ka gani. Na biyu da baki yake faɗa, cewa ilimi amana ne, kuma ba ya zama a wurin da babu ladabi. Bai taɓa zaton akwai ranar da biyun za su ƙi tafiya tare ba.

Yana da wani hali da kowa ya sani: son darbejiya. Shi ya dasa guda goma sha ɗayan da ke harabar makarantar. Da ita yake asuwaki, ita yake dafawa in zazzaɓi ya taɓa shi, kuma a bayan idonsa yara Malam Darbejiya suke ce masa. Shekarar da wani gida a yankin suka kwanta ciwo bayan sun ci waken da aka adana da maganin ƙwari, abin ya tsaya masa a rai. Toka tana tsare wake, kowa ya sani, amma sai an tara ta da yawa, ga wahalar tankaɗe, shi ya sa mutane suka koma wa guba. Ya ce a ransa ganyen darbejiya kuwa ga shi nan a ƙasa ana takawa.

Da aka cire wake, ya shirya wa ajin gwaji. Kowane yaro gwangwani uku, kowanne da farin wake ƙwaya ɗari. Ɗaya da toka, ɗaya da busasshen ganyen darbejiya, ɗaya haka nan. Kowace Alhamis, har mako takwas, a ƙirga waɗanda ƙwaro ya huda a rubuta. Ɗakin gwajin makarantar iska ta yaye rufinsa tun bara, ɓeraye sun gaje shi, don haka kowa ya tafi da nasa gida. Bai ce a riƙa kawowa yana gani ba. A ganinsa, wanda ya kwashe zango guda yana yi wa yara maganar amana bai kamata ya koma yana leƙa musu gwangwani ba. Sa'ad da yake raba ganyen, fuskarsa ba ta ɓoye komai ba.

Lissafi ya fara zuwa. Wanda ba a sa wa komai ba, ƙwaro ya cinye. Na toka ya yi kyau. Na darbejiya kuwa ya fi kowanne: uku, biyu, wani ma ko ɗaya. Yara talatin da ɗaya, bakinsu ɗaya. Sai takardar Murja. A mako na huɗu ta rubuta arba'in da bakwai a na darbejiya.

Ya kira ta gaban tebur.

"Murja, kin iya ƙirga kuwa? Shanun babanki nawa ne?"

"Ba a faɗa, Malam."

Aji ya fashe da dariya, shi ma ya yi. Ya ce ta sake ƙirgawa da kyau. Ta sunkuyar da kai ta koma wurinta. Mako na gaba ta rubuta hamsin da tara. Ya yanke a ransa cewa gwangwaninta danshi ya taɓa, ya ɗauki jan biro ya ja layi a kan sunanta, ya haɗa lissafinsa da na sauran.

Cikin watan nan aka yi suna a gidan Bappa Jibo, matar ƙanin Adama ta haihu. Bayan an yi addu'a an raba goro, maza suka zauna a inuwa, hira ta kai ga wake. Malam Sulle, wanda ba ya magana a gidan surukai, ran nan ya yi. Ya faɗi gwajin, ya faɗi lissafin. Akwai wani Kabir a wurin, mai kasa maganin ƙwari a kasuwa, bakinsa ba ya hutawa.

"Ganye, Malam? In da ganyen nan na korar ƙwaro, da ba a ga tururuwa a gindin darbejiya ba. Je ka duba, can ma suka yi gari!"

Aka yi dariya.

"Kuma ga surukinka nan zaune. Toka yake zubawa tun kafin a yanke maka cibiya. Shi ka fara koya wa mana, mu gani."

Dariyar ta ƙaru, sannan ta tsaya, domin an ambaci mai gida. Bappa Jibo yana jan carbi, bai ɗaga kai ba. Ya ce a hankali, "Jibi in Allah ya kai mu, Malam zai zo ya gyara mini nawa."

Nan maganar ta mutu. Malam Sulle ya ji daɗi har cikin ƙashinsa. Ya ɗauka lissafin ne ya shiga dattijon.

Abin da Bappa ya kira nasa ba waken ci ba ne, iri ne. Wani farin wake ne mai manyan ƙwayoyi, mai yaɗo, wanda ke jinkirin nuna amma harawarsa ta fi ta kowa, shanu ba sa barin ko kara. A hannun mahaifinsa ya gaje shi. Da kowa na shuka shi a yankin, amma da irin zamani mai saurin nuna ya shigo, aka bar shi ɗaya bayan ɗaya, har ya zama waken Jibo ake ce masa, domin ba a samunsa a wani gida. Shekarar nan damina ta yanke da wuri, abin da ya ware na iri tiya huɗu ne, a tulu guda, cikin toka. In tulun nan ya lalace, waken ya ƙare.

Malam Sulle ya zo da buhun ganye. Da hannunsa ya tankaɗe tokar, ya jera ganye, ya zuba wake, ya ƙara ganye, har tulun ya cika. Ya ɗora murfi ya liƙe bakin da laka, ya ce kada a buɗe sai shuka ta zo. Bappa yana tsaye daga nesa, ya ce, "To."

Bazara ta shigo da zafinta. Sau biyu Adama ta dawo daga gidansu ta ce Baba yana gaishe shi, ya ce ko zai leƙo in ya sami hali. Sau biyun jarrabawa ce a gabansa. Ya ce yana amsawa, Allah ya ƙara girma.

A farkon zango na uku takarda ta zo cewa za a yi baje kolin ayyukan kimiyya na makarantu a Rogo. Malam Sulle ya ga ranarsa ta zo. Ya ce ranar Alhamis kowa ya kawo gwangwanayensa. Ajin ya yi tsit irin wanda bai saba ji ba, amma bai kula ba.

Alhamis ta zo, rabin ajin hannu wofi.

"Malam, akuya ta ture nawa."

"Malam, Inna ta yi mana alala da shi."

"Da tokar da ganyen duka?"

"Ta wanke, Malam."

Waɗanda suka kawo, wakensu sumul, yana sheƙi kamar jiya aka sussuka. Ya bi layi yana buɗewa yana gyaɗa kai, har ya zo kan wani Zubair. Ya duba gwangwanin, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa.

"Zubair, ba farin wake na ba ka ba?"

"Shi ne, Malam."

"Wannan ja ne."

Zubair ya leƙa ciki kamar yau ya fara gani. "Ina jin ganyen ne ya rina shi, Malam."

Ba wanda ya yi dariya. Malam Sulle ya wuce kai tsaye kujerar baya. Murja ta tura masa nata ba ta dube shi ba. Yana buɗewa ƙwari suka tashi masa a fuska. Abin da ya rage a ciki ɓawo ne da gari, sai ganyen darbejiya a kwance lafiya lau.

Ya dawo gaban allo ya tsaya.

"Lukumanu. Gaya mini."

Lukumanu ya miƙe yana murza gefen rigarsa. "Malam, a mako na uku na ƙirga talatin da ɗaya. Na gaya wa Umma. Ta ce, yanzu kai sai ka tashi a gaban mutane ka ce maganin malaminka bai yi ba? Mutumin da ya koyar da yayyenka uku? To shi ne muka yi magana da sauran."

"Me aka rubuta a saman allon nan?"

"Rubuta abin da ka gani."

"To?"

"Amma ka ce sai da ladabi, Malam. Kuma likitan nan na wanke hannu, da ya gaya wa manyansa gaskiya, ai ka ga inda ya ƙare."

Labarin wani likita ne a Turai da ya ce mata masu haihuwa suna mutuwa ne saboda likitoci ba sa wanke hannu. Manyansa suka juya masa baya, ya ƙare rayuwarsa a gidan masu taɓin hankali, sai bayan ransa aka yarda da shi. Malam Sulle ya fi son labarin nan a kan duk sauran. Don ya ƙarfafa musu zuciya yake ba su shi. Ya nemi kujera ya zauna.

Ya rasa wa zai yi wa faɗa. Ƙarya suka yi masa, wannan ba shakka. Amma don kada ya ji kunya suka yi, kuma da ɗansa ne ya tashi ya ƙaryata malami a gaban aji, bai san me zai ce masa ba. Ya juya wajen Murja.

"Ke kuma me ya hana ki gaya mini na yi kuskure?"

"Na rubuta, Malam," ta ce. Sannan ta ƙara, "Sau takwas."

A nan ne tulun surukinsa ya faɗo masa a rai.

Da ya isa gida ya sami Adama tana tsince shinkafa. Ya zauna a kan turmi, abin da bai taɓa yi ba, ya gaya mata duka. Sannan ya ce ko za ta je gobe ta shaida wa Baba.

"In ce masa me?"

"Ki ce... ki ce a duba tulun."

"Ni ba ni na liƙe shi ba, Malam." Ta ci gaba da tsintarta. "Sau biyu ya aiko. Kai a zatonka Baba yana aiken gaisuwa sau biyu a wata guda?"

Ranar Juma'a ya ce sai an sauko daga masallaci. Da aka sauko, babur ya ƙi tashi. Waɗanda suka gani sun ce ba a tura shi da ƙarfi ba. Ya san kowace rana ƙwaro na ƙara ci, ya kuma san ba shi da kalmar da zai fara da ita. Ranar Asabar da hantsi ya tafi.

Ya sami Bappa a inuwar rumbu yana tufkar igiya. Ya durƙusa daga nesa.

"Barka da hutawa, Baba."

"Barka kadai, Malam. An zo lafiya? Ya iyali? Ya yaran makaranta?"

"Lafiya lau, Baba. Ya zafi? Ya dabbobi?"

"Zafi lokacinsa ne. Dabbobi sun gode Allah."

Suka zagaya gaisuwar sau biyu. Da ta ƙare, ba abin da ya rage sai maganar. Malam Sulle ya dubi ƙasa ya ce lissafin da ya faɗa ranar suna ba daidai ba ne, ganyen ba ya tsare wake, kuma akwai wadda ta gaya masa tun farko bai saurara ba.

Bappa ya ajiye igiyar. Ya tashi ya shiga ɗakin ajiya, Malam Sulle na biye. Ya nuna tulun da haɓa.

"Sa kunnenka."

Ya sa. Daga ciki ana jin wani ƙaramin motsi ba tsayawa, kamar yayyafi a kan busasshen kara.

"Tun watan jiya nake jin sa," in ji Bappa.

"Baba, me ya hana a buɗe?"

"Kai ka rufe."

Suka fito da tulun rana. Malam Sulle ya fasa lakar da dutse. Ƙwari suka yi sama kamar hayaƙi, wani ɗumi mai wari ya biyo baya. Aka shimfiɗa tabarmi aka juye. Matan gidan suka fito da faifai, ba wadda ta dubi baƙon. Bappa ya ɗebi ganyen ya sansana.

"Ganyen dai bai lalace ba," ya ce.

"Baba, don Allah, ka faɗi abin da ka gani."

Dattijon ya dube shi, karo na farko ido da ido a shekara ashirin. "Na ga ka zo."

Har la'asar suna tsinta ƙwaya ƙwaya. Wanda ƙwaro bai taɓa ba ya cika gwangwanin madara ɗaya da rabi. Mai huda guda ya kusa rabin tiya. Sauran na kaji ne. Mata suka fara haɗa mai huda guda don a kai tukunya. Malam Sulle ya san irin wannan yakan tsiro in ƙwaro bai taɓa idonsa ba. Ya san haka, amma ranar suna ma ai ya sani. Ya ce dai a ɗan dakata da shi, ya yi sallama.

Yana son ƙwaya ɗari ya gwada. Ya kuma san in ya roƙa da bakinsa, Bappa ba zai iya hana shi ba, ko da yana so. Sai ya tura Adama ta tambaya a cikin gida, da Fulatanci, inda uba zai iya ce wa 'yarsa a'a. Ta dawo da ƙulli a gefen mayafi.

"Ya ce hamsin."

Malam Sulle ya ji wani sanyi da bai san dalilinsa ba. Wannan ne karo na farko da surukinsa ya rage masa wani abu.

Ranar Litinin ya shiga aji huɗu, ko da yake ba ranarsa ba ce. Ya rubuta lambobin Murja guda takwas a allo, ya ce waɗannan su ne gaskiya, shi ne ya soke su da jan biro domin ba su yi masa daɗi ba, kuma laifinsa ya fi nasu. Yaran suka sunkuyar da kai. Ba su so ba. Zubair ya ce, "Haba Malam, ka bari mana, ba girmanka ba ne." Kwana biyu bayan haka wani uba ya zo har makaranta ya ce me ake koya wa yara ne yanzu, ɗansa ya fara gyara masa magana a gaban baƙi. Malam Sulle ya ba shi haƙuri. Da mutumin ya tafi, ya tsaya yana tunanin ko haƙurin da ya bayar ma daidai ne.

Suka jera ƙwaya hamsin ɗin a jiƙaƙƙen buhu, aka sa a kabad ɗin aji aka kulle. Bayan kwana biyar aka buɗe. Lukumanu ya durƙusa zai ƙirga, sai Malam Sulle ya lura yaron ba buhun yake kallo ba, fuskarsa yake kallo. Ya duba, duk ajin haka. Sai ya juya musu baya ya fuskanci bango, ya harɗe hannu.

"Ku ƙirga. Ba na gani."

Lukumanu ya ƙirga da ƙarfi, ya tsaya a goma sha tara. Daga kujerar baya wata murya ta ce, "Sha takwas ne. Wancan fumfuna ce, ba tsiro ba." Lukumanu ya ce tsiro ne. Murja ta ce ya taɓa ya ji. Gardama ta kaure, har da masu hawa benci. Malam Sulle yana fuskantar bango, bai san ko ya tsawatar ko ya ƙyale ba. Ya ƙyale. Aka tsaya a sha takwas.

Makarantar ba ta je baje kolin ba. Shi kuwa ya kai wa surukinsa lambar yadda take, sha takwas cikin hamsin, ya ce in za a shuka mai huda sai a zuba biyar a rami, amma shi ba ya cewa a yi. Bappa ya ce, "To." Malam Sulle ya dawo gida bai san ko za a yi ba.

An yi. Da ruwa ya zauna, Bappa ya shuka duka a bayan rumbu, inda shanu suka kwana da rani, ya kewaye da ƙaya. Shekarar nan ba wanda ya ci waken Jibo, ko ganyensa ba a tsinka ba. Da kaka aka sami tiya ɗaya da 'yan kai. Bappa ya adana abinsa da kansa, bai nemi shawarar kowa ba.

Malam Sulle yana nan yana darasinsa na Alhamis. Har yanzu yana ba da labarin likitan wanke hannu, sai dai in ya zo ƙarshe yakan tambayi yara su me suka ɗauka, kuma amsoshin ba sa zama iri ɗaya. An taɓa tambayarsa a ɗakin malamai yadda za a koya wa yaro ya ƙaryata babba ba tare da ya zama marar kunya ba. Ya ce in ya gano zai faɗa.

Bayan kakar nan da mako biyu, Adama ta dawo daga gidansu da gwangwanin madara cike da waken, an ɗaure bakinsa da tsumma. Ta ajiye masa a gaba.

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba."

"Na shukawa ne, ko na ajiya, ko so yake in gwada wani abu?"

"Malam, na ce maka bai ce komai ba."

Kwana uku yana yawo da shi a jaka, makaranta da gida. Ya ga dai iri a gida ɗaya hatsari ne, a gida biyu ma da sauran tsoro. Ya so ya ba mahaifin Murja rabi, tunda masu shanu ne kuma harawa za ta yi musu amfani. Sai kuma ya tsaya, domin bai tabbata kyautar ta kai ya yi kyauta da ita ba. Ya sake tura Adama. Amsa ta zo bayan mako guda: a ba su, amma a gaya musu waken ba ya son gaggawa, kada su ga ya yi jinkiri su tuge shi.

Yanzu waken yana gida uku, biyu a ƙasar Rogo, ɗaya a Tudun Kaya. Malam Sulle bai ɗanɗana shi ba tukuna. Adama ta ce sai baɗi, in na Baba ya koma tiya huɗu.